Fiyus ɗin da ba ka gani da idonka ba, me kake rubutawa a satifiket?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya gare ni, musamman ga masu aikin duba wayarin a nan Ingila. Jiya na yi EICR, wato rahoton duba lafiyar wayarin gida, a wani gidan haya a gefen Manchesta, irin tsofaffin gidajen nan da ke jere bango ɗaya. Na gama gwaje-gwajena lafiya, sai na iso gurbin da ake rubuta nau'i da girman fiyus ɗin kamfanin wuta. Katawut ɗin, wato akwatin da fiyus ɗin kamfanin ke ciki, baƙi ne, tsoho, sil ɗin da kamfani ya rufe shi da shi na nan ba a taɓa ba. A jikin kwanson an zana 100A, amma babu wata takarda da aka manna mai nuna abin da aka saka a ciki. Satifiket ɗin da aka yi shekara biyar da suka wuce ya ce nau'in fiyus ɗin BS 1361 ne, girmansa 100A. Ni dai na rubuta N/V, wato ban tabbatar ba. Yau da sassafe ejan gidan ya dawo min da takardar, wai ban cika aikina ba, wai wancan ya rubuta, ni me ya hana ni. Kuma ya ce mai gidan na shirin sa cajar mota. Ku me kuke rubutawa a wurin nan?

Sarkin Waya (Landan):
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka rubuta abin da ke jikin kwanson ka karɓi kuɗinka. Shekara goma sha ina wannan aikin, ba a taɓa kirana kan wannan gurbin ba ko sau ɗaya. Kowa a sana'ar nan ya san ba mu da iznin buɗewa, don haka kowa ya san daga ina lambar ta fito.

Injiniya 'Yar Katsina:
Oga Sarkin Waya, "kowa a sana'ar nan" ka ce. To ai ba don 'yan sana'a ake rubuta takardar ba. Mai gida ke karantawa, da ejan, da mai zuwa sa caja. Su in sun ga 100A, ɗari suka gani.

Sarkin Waya (Landan):
Hajiya ai mai sa caja ma ɗan sana'a ne. In bai duba da kansa ba laifinsa ne.

Injiniya 'Yar Katsina:
Ya duba ta yaya? Sil ɗin da ya hana ka shi ma zai hana shi. Sai ya ɗauki takardarka ya ce ga wanda ya riga ni ya tabbatar. Kai kuma daga takardar na gabanka ka kwafa. Haka lamba ɗaya za ta yi shekara ashirin tana yawo daga satifiket zuwa satifiket, ba wanda ya taɓa ganin fiyus ɗin.

Mai Wayarin Tudun Wada (Kaduna):
Ku yi min afuwa, ni a gida nake. Wai katawut ɗin ne ba ku iya cirewa? Wanda yaro ɗan sakandare ke zarewa a gidajenmu ya canza layi in an ɗauke wuta a fes ɗaya? Hhh. Allah mai iko.

Baba Injiniya (Bamingham):
Malam na Tudun Wada, shi ne dai, daga wurinsu ma muka gaje shi kamar yadda muka gaji soket mai ƙafa uku. Bambancin shi ne a nan katawut kayan kamfanin rarraba wuta ne, mita kuma na ɓangaren masu sayar maka da wutar. Naka yana farawa ne daga bayan mita. Mai wayarin na gida, komai takardunsa, ba shi da hurumin yanke sil ɗin sai da izni.

Bari in ɗan tsawaita kan tambayar Ɗan Fagge, don na ga yara da yawa na rikicewa a nan.

Lambar da aka zana a jikin kwanso, ma'aikatar da ta ƙera shi ce ta zana, kuma abin da take nufi shi ne iyakar abin da kwanson zai iya ɗauka. Ba ta san fiyus ɗin da ma'aikacin kamfani ya zura a ciki ranar da ya zo ba. Kwanso mai 100A yana ɗaukar fiyus 60, yana ɗaukar 80, yana ɗaukar 100. Kamar buhu ne da aka rubuta kilo 50 a jikinsa. Rubutun bai ce maka an cika shi ba. A tsofaffin gidaje irin wanda ka kwatanta, 60A ba baƙon abu ba ne ko kaɗan, domin lokacin da aka ja musu wuta babu shawa mai lantarki, balle mota.

Yanzu ka yi lissafi. Cajar gida mai kilowat 7.4 tana jan 32A, kuma ba na minti biyar ba, awoyi take yi a haka. Shawa mai kilowat 9.5 tana jan kusan 41A. Su biyu kawai sun kai 73A, ba a kunna kuka ba, ba a kunna butar shayi ba. A kan fiyus 100 babu damuwa. A kan 60 kuwa, abin da ya fi muni shi ne ba nan take zai tsinke ba. Zai yi ta ɗaukar zafi, katawut ɗin na gasuwa, dare bayan dare.

Kuskuren kuma ta kowane ɓangare yana cizo. Wayoyin da ke tsakanin mita da akwatin bireka, in 16mm² ne a fili, teburin BS 7671, littafin ƙa'idojin wayarin na nan ƙasar, ya ba su 87A; 25mm² kuma 114A. Ka rubuta 100A a gidan da ke da 16mm², ka jawo wa kanka tambayar me ya sa ba ka yi magana kan wayar ba. Ka yi hasashen 60A alhali ɗari ne a ciki, ka rufe ido kan abin da ya kamata ka lura da shi. Ko ta ina ka bi, hasashe ne ka sa wa hannu.

Abin da ka yi daidai ne, ɗana.

Ɗan Fagge:
Na gode Baba. Wayoyin gidan ma 16mm² ne. Shi ya ƙara sa ni shakka.

Sarkin Waya (Landan):
Baba ban musa lissafinka ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ejan da ke ba ka gida goma a wata, in ka cika masa takarda da N/V da LIM, wato iyakancewar bincike, sai ya nemi wani. Ga masu yin EICR a farashin da ko man mota bai biya ba. Yaron nan yanzu ya fara, iyali gare shi.

Baba Injiniya (Bamingham):
Gurbi ɗaya ne fa, ba takardar duka ba. Wanda ya cika rahoto da LIM daga sama har ƙasa don ƙyuya, wannan wani zance ne daban, kuma ni ma ba na goyon bayansa.

Bakatsine:
Ni gyara ɗaya nake da shi. LIM ya kamata ya rubuta, ba N/V ba. An hana shi buɗewa, wannan iyakancewa ce.

Abu Hanifa (Lids):
A'a. LIM sai abin da kuka yi yarjejeniya da mai aiki tun farko cewa ba za a duba ba. Wannan kuwa N/V ne.

Bakatsine:
Akwai iyakancewar da aka yi yarjejeniya, akwai wadda yanayin aiki ya tilasta. Duba fom ɗin, duka biyun suna da wurin rubutawa.

Abu Hanifa (Lids):
To ai mai tantance ni da ya zo bara N/V ya ce.

Bakatsine:
Nawa kuma LIM ya ce. Sai mu haɗa su su daidaita, hhh.

Injiniya 'Yar Katsina:
Ku biyun kuna faɗa kan hula an bar kai. Ko wanne ka sa, haruffan kaɗai ba su gaya wa mai gida komai. Abin da ke aiki shi ne jimlar da za ka rubuta a sashen iyakokin bincike. Ni ga yadda nake yi: kwanso na ɗauke da alamar 100A, an rufe shi da sil na kamfanin rarraba wuta, ba a buɗe ba, ba a tabbatar da girman fiyus ɗin ciki ba, a tuntuɓi kamfanin kafin a ƙara wani babban lodi. Shi ke nan. Ka ba da abin da ka gani, ka faɗi inda ganinka ya tsaya.

Sannan akwai abin da mutane ke mantawa. Dokar ESQCR ta 2002, mai kula da kamfanonin wuta, sashe na 28, ta wajabta wa kamfanin rarraba wuta ya ba duk mai dalili bayani a rubuce kan nau'i da girman abin kariyarsu mafi kusa da inda wuta ta shigo gidan, da irin atin ɗin da suka bayar, da iyakar wutar da za ta iya kwarara in an sami shot. Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Ka aika musu imel.

Sarkin Waya (Landan):
Hajiya kin taɓa aikawa kuwa? Ni na taɓa. Amsar da na samu ita ce zai iya zama 60, ko 80, ko 100. Wallahi haka. Su kansu ba su da rikodin gidajen da aka ja wa wuta tun kafin a haife mu. To in mai kayan bai sani ba, ni ne zan sani?

Injiniya 'Yar Katsina:
Oga ka ga ka dawo layinmu da bakinka. In mai kayan bai sani ba, kai da me ka dogara ka rubuta ɗari?

Amma gaskiyarka kan rikodin, na sha cin karo da haka. In suka ce ba su sani ba, sai ka nemi su turo ma'aikaci ya buɗe ya gani. Yana ɗaukar lokaci, ban ce ba ya ɗauka ba. Kuma ka adana imel ɗin.

Mai Filaya:
Ni dai ba na wahalar da kaina. In yanke sil, in zare, in karanta, in mayar. Minti biyu. Gani ya kori ji. Rabin gidajen da nake shiga ma babu sil ɗin, wani ya riga ni.

Admin:
Mai Filaya, ra'ayinka ne, amma kada wani sabon shiga ya ɗauka wannan zaure ya ba shi fatawar yin haka.

Baba Injiniya (Bamingham):
Mai Filaya, bar batun izni ma tukuna, mu yi batun fatar hannunka. Duk wani abu da kake taɓawa a cikin gida, fiyus ɗin nan ne ke tsaye a bayanka. In ka zare shi, wa ke bayanka? Fiyus ɗin tiransifoma, mai ɗaruruwan amfiya, wanda aka sa don ya kare kebul ɗin unguwa, ba don ya kare ka ba. Kamfanonin kan ce a yi lissafi da wutar shot har 16kA a irin wannan layin na gida. Ƙasan katawut ɗin kuma da wuta yake ko ka zare ko ba ka zare ba.

Baƙaƙen nan na da, robar jikinsu na tsufa ta yi ƙarfi ta fara tsagewa. Na taɓa shiga wani gida, tun ina da sauran baƙin gashi, na tarar wani ya riga ya ja kwanso, gindin ya biyo hannunsa ya rabe biyu, ƙarfen mai wuta na lilo a fili a ƙarƙashin matakala inda yaran gidan ke ajiye takalma. Ya gudu ya bar matar gidan da shi. Ni na tsaya a wurin na tsare har ma'aikatan kamfani suka iso. Su da aikinsu ne, sai da suka sa safar hannu ta roba da garkuwar fuska kafin su matsa kusa. Tun ranar ko an cire sil ba na ja. In na ga alamar ƙuna ko tsagewa ko warin roba, 105 nake bugawa, lambar gaggawa ta kamfanonin rarraba wuta.

Kuma ka lura da wani abu. In ka rubuta 60A a takarda, ka sa hannu, a gidan da kwansonsa ke cewa 100A, ka rubuta wa kanka shaidar cewa ka buɗe.

Mai Filaya:
Baba wannan na ƙarshen ban taɓa tunaninsa ba.

Mai Wayarin Tudun Wada (Kaduna):
Na yi dariya ɗazu amma yanzu na ga ciwonmu ɗaya ne, fuska ce ta bambanta. Ku an hana ku buɗewa ba ku san abin da ke ciki ba. Mu kowa na buɗewa, shi ya sa mu ma ba mu san abin da ke ciki ba. Jikin katawut zai ce 60A, ka zare ka tarar fiyus ɗin ya mutu tun tuni an naɗe shi da silin waya. In ya sake tsinkewa a ninka silin. A ƙarshe waya ce kawai, babu abin da zai tsinke sai dai gidan ya kama. In ina rubuta rahoton gida, ko don mai gida ko don takardun NEMSA, hukumar duba wayarin ta Najeriya, na daina kallon jikin kwanso. Amma ni ina da damar da ba ku da ita, ina gani da idona.

Maman Ikram:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni, ni ba ma'aikaciyar wuta ba ce, maigidana ne ya sa ni a zauren nan saboda muna da gida ɗaya da muke bayarwa haya. Na je na ɗauko namu satifiket ɗin, a wurin da kuke magana LIM aka rubuta. Ni tun lokacin na ɗauka mutumin ha'inci ya yi, har na ce ba zan sake kiransa ba. Wannan na nufin gidan bai ci jarrabawar ba? Kansul, wato ƙaramar hukuma, za ta iya kama mu?

Injiniya 'Yar Katsina:
Wa alaikis salam Hajiya. Kwantar da hankalinki. Duba shafin farko, akwai inda aka ce wayarin gidan ya gamsar ko bai gamsar ba. Abin da ke kayar da gida shi ne C1, haɗari na nan take, da C2, abin da zai iya zama haɗari, sai FI, abin da ke buƙatar ƙarin bincike. Waɗannan ne dokar gidajen haya ta 2020 ta ce a yi aikinsu cikin kwana 28, ko ƙasa da haka in rahoton ya ce. LIM a gurbin fiyus ba ya cikinsu. Abin da ke kanki shi ne a duba gidan aƙalla duk shekara biyar, ki ba ɗan haya kwafi, ki ba kansul in ta nema. Mutumin naki kuma ki sake kiransa, da alama mai amana ne.

Maman Ikram:
Alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri. Na ɗauki alhakin bawan Allah.

Abu Hanifa (Lids):
Tun da an ambaci FI, ba za a iya sa wa fiyus ɗin FI ba? Ai ƙarin bincike yake buƙata.

Baba Injiniya (Bamingham):
A'a. FI na abin da ka ga alamar matsala ne amma ba ka gano kanta ba. Rashin ganin cikin kwanso ba alamar matsala ba ce. In ka sa FI ka ɗora wa mai gida wa'adin kwana 28 kan abin da ba nasa ba, kuma ba shi da ikon taɓawa.

Wani bambanci da ban faɗa ba ɗazu, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga gidan Ɗan Fagge. Rahoton duba tsohon wayarin daban, satifiket ɗin sabon aiki daban. A rahoto kana faɗin halin da ka tarar ne, don haka "ban tabbatar ba" amsa ce cikakkiya. Amma in kai ne za ka sa cajar, kai ne mai tsara aikin, ba za ka ɗora 32A kan layin da ba ka san ƙarfinsa ba sannan ka fake da N/V. A nan dole ka sani kafin ka huda bango. Tsarin sanar da kamfanonin ma haka yake: in jimlar lodin gidan da caja za ta haura 60A, ko kana shakkar katawut ɗin, neman izni ake fara yi, ba a gama aiki sannan a sanar ba. Akwai cajojin da ke rage jan wuta da kansu in gidan ya yi nauyi, amma su ma lamba ake saita musu. Wace lamba za ka saita?

Sarkin Waya (Landan):
Kan sabon aiki ban da ja. Ni ma ba na sa caja sai na ji daga kamfani. A EICR ne nake ganin kun tsananta.

Ɗan Fagge:
Na karanta duka, Allah ya ƙara girma. Na gano inda nawa laifin yake: ban gaya wa ejan tun wurin ciniki cewa ba na buɗe kayan kamfani ba, sai kawai ya ga N/V a takarda. Na kira shi na yi masa bayani, na ƙara jimlar da Anti Injiniya ta bayar, ya karɓa da ƙyar. Na kuma taya mai gidan cika buƙatar a turo a duba. Zan dawo da labari in sha Allahu.

Bakatsine:
Ku duba manhajar da kuke cika satifiket da ita ma. Tawa in na buɗe sabon fom daga tsohon aiki, BS 1361 da 100A na nan zaune tun kafin in isa gidan. Sau nawa na tura ban lura ba, Allah kaɗai ya sani.

Ɗan Fagge:
Salam. Cika alkawari. Yau ma'aikacin kamfanin ya zo, ina tsaye ya zare. 60A ne. Ba a nan ta tsaya ba, ashe kebul ɗaya ne ya shigo gidan maƙwabci, daga katawut ɗinsu aka ja zuwa wannan. Ya ce ba za a ƙara girman fiyus ba sai an raba layin an ja wa gidan nasa. Maganar caja ta dakata.

Sarkin Waya (Landan):
To. Gida ɗaya ne dai, da ɗari aka tarar da ba wanda zai dawo ya faɗa. Amma na ji.

Injiniya 'Yar Katsina:
Da ɗari aka tarar ma N/V ɗinsa na nan daidai, Oga. Ranar da ya sa hannu bai sani ba.

Ɗan Fagge:
Wata sabuwa kuma. Ejan ya ce tunda yanzu an sani, in goge N/V in sa 60A a rahoton, kwanan wata na nan yadda yake, don kada fayil ɗinsa ya zama takarda biyu.

Baba Injiniya (Bamingham):
Kada ka taɓa kwanan watan, kada kuma ka goge komai a ɓoye. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa da kwanan yau: ma'aikacin kamfani ya buɗe a gabana, fiyus 60A ne, layin haɗe yake da na maƙwabci. A liƙa ta a bayan rahoton. In ya nace sai takarda ɗaya, ka fitar da gyararren kwafi da ke nuna ranar gyara da dalilinsa. Ka ɗauki hoto?

Ɗan Fagge:
Na ɗauka Baba, har da lambar aikin da ya ba ni. Na kuma roƙe shi ya manna takardar 60A a jikin kwanson kafin ya sa sabon sil, ya manna.

Mai Wayarin Tudun Wada (Kaduna):
Ku da ake manna muku takarda. Ni wanda na zare jiya a wani shagon walda, guntun rodi na tarar a ciki. Bari in nemo hoton in turo.